Tukunyar Toka a Rufin Inna Huru

Litinin, bayan la'asar

Mun dawo daga kotu a birnin Elbistan. An kori ƙararmu. Alƙali ya ce tokar da ke sauka a ƙauyenmu ba ta kai a tashe mu a mai da mu wani wuri ba. Yana faɗa ina kallon wuyan rigar mai gari Durdu, wadda aka wanke jiya, ta riga ta yi baƙi.

Ba wani abu mai yawa muka nema ba. Ramin kwal ya cinye gonakin wake ya iso bayan makabarta. Tashar lantarki tana ƙona kwal ɗin dare da rana, kuma kwal ɗin nan namu kowa ya san shi, ja-ja ne, jiƙaƙƙe, rabinsa toka. Suna jibge tokar a gabas da mu, iska ta kwaso ta kawo mana har cikin kwanon miya. Muka ce a ba mu fili a bayan dutse mu koma. Sai kotu ta aiko Malama Nilufer daga jami'a, mai ilimin ƙasa da duwatsu, ta kafa tukwanen gilashi masu faɗin baki a kan ƙafafun ƙarfe, ɗaya a rufin makaranta, ɗaya a masallaci, ɗaya a rufinmu, don gidanmu ne na ƙarshe, mu ke fuskantar tsibin tokar. Duk wata su zo su juye abin da ya taru su auna.

Ta makaranta iska ta fasa ta tun da hunturu. Ta masallaci tana can cikin kwari, dama ba a sa rai da ita ba. Tamu ce duk gari ya rataya a kanta, kuma tamu ce ta fi kowace tsabta. Lauyan kamfani ya ɗaga takardar yana murmushi, ya ce iskar rufinmu ta fi ta ƙofar kotun kyau.

A bas ba wanda ya zauna kusa da mijina Okkesh. Shi ke tuƙa motar kwashe ƙasa a ramin, albashin kamfani yake ci, sauran lissafin ba sai an koya wa kowa ba.

Tun daga bakin ƙofa na jiyo tarin 'yata Nazli.

Talata, da safe

Na rubuta sunana da yatsa a tokar da ke kan taga. Kafin in dawo daga kicin mahaifiyata, Inna Huru, ta goge.

Laraba, da yamma

Okkesh ya je shagon shayi. Na ce kada ya je, ya je. Ya dawo ya zauna bai cire takalmi ba, sai da na matsa masa ya faɗa. Wai yana shiga ɗan mai gari ya ce, "A ba surukin Huru shayi, kamfani zai biya." Wani ya ce, "Ku bar shi, mutumin da ko ƙusar da yake rataye riga ba tasa ba ce, me zai sayar in ba mu ba?" Aka yi dariya. Gidan na Inna ne, tun da aka ɗaura aure a nan yake zaune, kuma ba a taɓa barinsa ya manta ba. Ya shanye shayinsa, har ya yi musu sallama. Wannan haƙurin nasa wataran shi zai kashe ni.

Da asuba an juye mana bokitin toka a ƙofar gida. Kafin rana ta fito Inna ta share, ta wanke dakalin da sabulu, tana mita. Ba zagin ne ya dame ta ba, cewa take wane marar tarbiyya ne zai ɓata wurin da aka wanke.

Alhamis, da hantsi

Maƙwabciyarmu Zohre ta aiko a ba ta babbar tukunyarta ta tagulla. Kowace shekara a tsakar gidanmu ake fara gayyar tarhana, abincinmu na ajiyar hunturu, a dafa alkama a kwaɓa da nono, mata su jeru suna shimfiɗawa a tabarmin kara. Bana an ce a gidanta za a yi. Ba a ce mu zo ba.

Inna ta goge tukunyar har tana ɗaukar ido kafin ta bayar. Na ji ta tana tari a bayan ɗaki, ta kuma wanke hankicin nan take.

Asabar, bayan azahar

Malama Nilufer ta zo ita kaɗai, ba ɗalibanta. Ta rame. Ta kawo wa Nazli wata 'yar katantanwa fara da aka tono a ramin, ta ce mata da can duk filin nan tafki ne, ciyawar bakinsa ce ta ruɓe ta zama kwal. Nazli ta ce, "To ina ruwan ya tafi?" Na ce kamfani ya zuƙe, kamar yadda ya zuƙe rijiyarmu. Ba wanda ya yi dariya.

Inna ta rasa inda za ta sa ta. Shayi, inabi, gurasa mai zafi. "Ci, 'yata, kin zo ba sanarwa, kin same mu cikin ƙazanta."

Muka hau rufi ni da Malama. An ɗauke tukunyar tun bayan awo na ƙarshe, saura ƙafar ƙarfen. Ta tsuguna ta shafa ƙarfen da yatsa, ta dubi yatsan. Ta daɗe tana dubansa. Ta ce tun wata na biyu awon ya ba ta mamaki, ta yi zaton iska ce ke juyawa a nan, ta rubuta shakkarta, amma kotu lamba take karantawa. Sannan ta ce, "Gulizar, duk zuwan da za mu yi ai waya muke bugowa tun kwana ɗaya, ko?"

Na ce eh, don a yi muku girki.

"Gwaggo Huru tana hawowa nan?"

Na ce gwiwoyinta ba sa barin ta.

Ta ce to. A kan matakala ta ce in har aka sami wanda ya faɗa wa kotu an taɓa tukunyar, da yadda aka yi, za a iya neman a sake awo na wata shekara. In ba a samu ba, magana ta ƙare ke nan.

Gwiwoyin Inna lafiyarsu ƙalau.

Lahadi, da hantsi

Na sami Inna tana tsintar alkama. Na tambaye ta ko ita ke wanke tukunyar. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"To da fa? Mutane daga babban birninmu Ankara, mace mai karatu, ta hau rufina ta tarar da tukunya kamar ta mahaukaciya? Ta koma ta ce haka gidan Huru yake?"

"Inna, an ce kada a taɓa."

"An faɗa. Yara ne, me suka sani? Ita Malamar ko takalminta ba ta gogewa. Kuma ai ba duka nake zubarwa ba, ina bar musu kaɗan a gindi su gani. Likita ma in zai duba jininki ɗigo yake ɗauka, ba ya cika ƙwarya."

Har ta tashi ta ɗauko min ƙyallen da take gogewa da shi. Fari ne, ta yi masa ado da zare a baki, ta ware shi don tukunyar kaɗai. Nuna min take in yaba.

Na ce mata ba irin tokar suke nema ba, yawanta suke aunawa. Na faɗa a hankali, na maimaita. Na ga lokacin da maganar ta shige ta, don hannunta ya tsaya a cikin alkamar. Da na tsaya a nan. Ban tsaya ba. Na ce, "Shaidar Nazli kika wanke kika zubar a magudana. Duk tarin da ta yi daga yau, ki ƙirga shi a naki."

Ta ce, "'Yar nan, ni na haife ki."

Na ce na sani.

Litinin, da safe

Na ɗauke tsintsiya, da bokiti, da duk tsummokaran gidan nan na kulle a ɗakin ajiya. Ta zauna ta gani.

Laraba, da la'asar

Inna tana zaune hannu a cinya. Tokar tana taruwa a kan tebur, idonta yana kai. Ɗazu na kama ta tana goge bakin taga da gefen ɗankwalinta. Na tsaya kawai a ƙofa. Ta daina.

Daɗi na ji. Ba zan yi ƙarya a nan ba, daɗi na ji.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

A sahu an bar wa Okkesh fili dama da hagu. Ya dawo na faɗa masa abin da Inna ta yi. Ya ce ya gane tun a kotu. "Wa ke hawa rufin nan da bokiti in ba ita ba?"

"Ka sani kake barin suna cin mutuncinka?"

"Ki bar shi a kaina, Gulizar. Ni zagi ba ya min ƙari, na saba. Ita kuwa tsabtar nan ita ce duk abin da take da shi a garin nan. In aka sani, ba za ta kai hunturu ba. Na ci gurasar matar nan shekara da shekaru."

Na ce, "Gurasar tata ce za ta buɗe wa 'yarka ƙirji?"

Mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Da ana sayar da kirki a kasuwa da na kai nasa na sayo wa yarinyar nan iska.

Asabar

Nazli ta dawo daga wasa ba ta yi wasan ba. An ce mata ubanta ya sayar da huhun gari. Ta tambaye ni nawa aka ba shi.

Talata, da azahar, a asibiti

Tun jiya muna nan. Leɓen Nazli ya yi shuɗi a hanya, mai bas yana gudu ina kiran sunanta. Yanzu an sa mata abin shaƙa, tana barci. Likita ya ce abin da yake faɗa kullum, ku ɗauke ta daga wurin nan. Mu kai ta ina? Wa zai sayi gida a gindin toka?

Inna ta so ta biyo mu. Na ce ta zauna ta yi gadin tsabtarta.

Alhamis, da yamma

An yi.

Yau ake shanya tarhana a gidan Zohre. Na ce wa Inna ta sa mayafi, ta ɗauko farin ƙyallen. Ba ta tambayi inda za mu ba. A hanya tana baya ina gaba, sau biyu ta tsaya ta dafa bango.

Mata sun cika tsakar gidan, an baza tabarmi, an ja yadi mai shara-shara a sama saboda toka. Muna shiga hira ta ɗauke. Zohre ta ce, "Matar kamfani, ɓatan hanya kika yi?"

Na ce, "Yaya Zohre, Inna ce ke da magana."

Ta faɗa, da bakinta. Yadda take jiran waya, yadda take hawa da asuba, yadda take barin kaɗan a gindi. Muryarta ta yi ƙasa na ce ta ɗaga, na baya ba sa ji. Na ce ta nuna ƙyallen. Ta nuna.

Da farko dariya aka yi. Wata ta ce, "Kai, Iya Huru, ke ko kabari aka sa ki sai kin nemi tsintsiya." Sai dariyar ta mutu da kanta. Zohre ta tashi. Mijinta Juma bara ya rasu, sai da aka jingina shi da matasai wata da watanni don ba ya iya numfashi a kwance. Ta je bakin katanga ta dumbuzo toka, ta kama hannun Inna ta buɗe ta zuba mata.

"Ungo, Iya. Juma ne. Je ki wanke shi shi ma."

Inna ta riƙe. Har gida ta zo da ita a hannu, ta rasa inda za ta zubar.

Matar liman kuwa tun da aka fara ta sunkuya tana gyara tabarmar da ba ta karkace ba. Ita ke share rufin masallaci, inda ɗaya tukunyar take. Na gan ta, ta ga na gan ta. Ba wanda ya tambaye ta komai, gari ya riga ya sami wadda zai ci.

Juma'a

Ɗan mai gari ya tare Okkesh a hanya ya ba shi hannu. Okkesh ya shigo gida bai dube ni ba. Ya wuce ɗakin Inna ya sumbaci hannunta ya kai goshinsa, kamar ranar salla.

Talata, da hantsi

Lauyanmu ya zo, Inna ta sake faɗa a gabansa. Ya ce akwai alamar za a yarda a sake awo. Malama ba ta jira ba, ta kawo sabuwar tukunya, wannan karon a cikin kejin ƙarfe mai kwaɗo. Ta miƙo min makullin. Ta leƙa ta gai da Inna, Inna ta juya fuska ga bango. Karo na farko ke nan da baƙo ya fita gidan nan bai sha shayi ba.

Yara sun sa mata waƙa. Suna wucewa suna cewa Huru mai tsabta, zo ki wanke mana sama.

Alhamis

Na buɗe ɗakin ajiya na ajiye mata tsintsiya a ƙofa. Tana nan inda na ajiye ta.

Asabar, da la'asar

Inna ba ta cin abinci. Ɗankwalinta ya yi toka-toka, ba ta canza ba. Tarin da take ɓoyewa yanzu ba ta ɓoye shi, hankicin yana nan gefen katifa, na ga abin da ke ciki. Ashe ya daɗe. Okkesh ya ce a kai ta asibiti, ta ce ba za ta bi ta cikin gari ba.

Nazli ce kaɗai ke shiga wurinta. Suna kwance suna tari bi da bi, ina jin Inna tana ce mata, "Ƙawata, na fi ki iyawa."

Litinin, bayan azahar

Inna ta kira ni. Na tsaya daga bakin ƙofa.

"Gulizar, shigo mana. Ba na cizo."

Na shiga. Ta ce, "Na shayar da ke, na yafe miki nonona, duniya da lahira. Ke ma ki yafe min hakkinki."

Haka ake yi, kowa ya sani. Kalma ɗaya ce, ko maƙiyi aka roƙa yakan faɗa.

Na ce, "Bari sakamakon awo ya fito tukuna."

Ta ce, "Yaushe ke nan?"

Na ce baɗi.

Ta gyaɗa kai kamar na faɗa mata farashin gishiri. Na fito na ɗora ruwan shayi. Nazli tana zaune a matakala, ta ji komai. Ta ce, "Umma, ni ma in na yi laifi sai baɗi?" Na ce ta tashi daga kan siminti.

Laraba

Har yanzu ina da gaskiya. A duba ta ko'ina, ina da gaskiya.

Juma'a, da hantsi

Inna.

Juma'a, bayan la'asar

Zohre ce ke wankan gawa a garin nan, ba wata. Na zaci ba za ta zo ba. Ta zo da sabulunta, ta yi aikin a natse, har bayan kunne. Da ta gama ta ce, "Ba za ta yarda da aikin ha'inci ba." Ban san ko zagi ne ba.

An ɗora ta a kan dutsen sallar gawa da ke harabar masallaci. Mu mata muna bayan katanga. Liman ya juyo ya yi tambayar da ake yi wa kowa. "Jama'a, kun yafe mata hakkinku?" Aka yi gunaguni, kamar masu amsa sallamar mai bin bashi. Ya sake tambaya. A ta uku murya ɗaya ce ta fito sosai, ta Okkesh, har ta fashe.

Matar liman tana gefena tana kuka fiye da kowa. Ni bakina a rufe yake. Na ce a raina ai ba mata ake tambaya ba.

Lahadi

Mun ajiye takalmanta a ƙofar gida kamar yadda ake yi, don wani mabuƙaci ya ɗauka. Takalma ne masu kyau, ba ta taɓa barin su kwana da ƙura ba. Ba wanda ya ɗauka.

Alhamis

Suna nan. Toka ta cika su.

Talata, da yamma

Malama ta bugo. Gobe za su zo juye tukunya, ita da wani babban malami daga Ankara.

Laraba, da hantsi

Na tashi tun asuba. Na share tsakar gida, na wanke dakali, na ɗora alkama. Na wanke matakala daga ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, ina hawa. Ban yi tunanin komai ba, baƙi za su zo. Na wanke rufin. Sai na gan ni a gaban kejin, bokiti a ƙafata, kwaɗon a buɗe, makulli a hannuna.

Tukunyar ta yi kaca-kaca. Toka ta yi laka a ciki, ga matattun ƙudaje, ga kashin tsuntsu yana gangarowa ta gefe. A rufina. Babban mutum zai hau ya gani. Kunya ta kama ni tun daga wuya har tafin hannu, hannun yana ƙaiƙayi. A raina har na ce, gefen kawai, ta waje, ai ba zai rage komai ba.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Tarin Nazli ne ya taso daga ƙasa. Na mai da kwaɗon na rufe.

Da na dubi hannuna, farin ƙyallen ne, mai adon zare. Ban tuna lokacin da na ɗauko shi ba.

Na sauko na zauna a dakali. Na juye tokar da ke cikin takalman, na goge su ciki da waje, na jera su yadda take jerawa. Na faɗi kalmar yafiyar da ta roƙe ni. Na faɗa sau uku, da ƙarfi, har Zohre ta leƙo ta katanga ta ce da wa nake.

Motar Malama ta shigo layi. Takalman sun riga sun fara yin fari da toka.